Yadda karayar hannun autana ta sa na gina fagen kokawa a bayan gida

Ranar wata Asabar ce cikin watan Agusta, lokacin dogon hutun 'yan makaranta. Ina shagona a kasuwar Kafanchan sai wayata ta yi ƙara. Maiɗakina ce, muryarta na rawa: "Baban yara, duk abin da kake yi ka bari ka taho, Auta ya karye." Ban tsaya tambayar ba'asi ba, na ja ƙofar shago na tari mai babur.

Abin da na tarar a bayan gida har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Yaran sun kwashe guntayen rodi huɗu da suka rage mana daga aikin gini sun kakkafa, sun kwance igiyar shanya sun zagaye su da ita hawa uku. A tsakiya sun shimfiɗa tsohuwar katifar da muka jefa a sito, a kan dandamalin simintin da ke gefen rijiya. A kusurwa guda kuma ga durom ɗin ruwa an kife shi. Wai fagen resilin ke nan, irin wanda suke gani a gidan kallo da kuma wayoyin yayyensu. Babban ɗana, mai shekara 12, shi ne alƙalin wasa. Autana, ɗan shekara 8, shi aka kwantar a katifa. Ɗan maƙwabciyarmu, sa'an babban, shi ya hau durom ya diro masa. Yaro ya ga mutum na tahowa daga sama ya kai hannu zai kare fuska, hannun ya zame daga katifa ya daki siminti, nauyin wancan ya sauka a kai.

Ikon Allah, wadda ta fara kai masa agaji ita ce uwar wanda ya diro ɗin. Ma'aikaciyar jinya ce, duk unguwa Sista muke ce mata. Kafin in iso ta samu kwali mai kauri ta tallafe hannun, ta rataya masa shi a wuya da ɗankwali, ta hana kowa ja ko murzawa. Ta kuma hana a ba shi abinci ko ruwa, ta ce ba a sani ba ko sai an sa masa maganin barci kafin a gyara ƙashin. Mahaifiyata, wadda muke zaune tare, ta dage a kira mai ɗori, domin a cewarta karayar yaro ba ta wuce mako biyu a hannunsa. Sista ta durƙusa ta ce, "Mama, ki yi haƙuri a fara ɗaukar hoto a ga irin karayar. Ƙashin yaro yana da wurin da yake girma a kusa da gaɓa, in karayar ta taɓa wurin aka ɗaure ba a gani ba, hannun zai iya tashi a karkace. In kuma aka matse da kara jini ya daina gudu, hannun ma ana iya rasa shi." Da ƙyar Mama ta yarda. A asibiti hoto ya nuna ƙasusuwan dantse biyu ne suka karye a saman tsintsiyar hannu. Aka gyara, aka naɗa masa simintin nan da ake cewa fi-o-fi, aka ce sai bayan mako shida.

A daren nan maiɗakina ta kafa doka biyu. Ta farko, babu resilin a gidan nan, kallo ko kwaikwayo. Ta biyu, kada ɗan Sista ya sake taka mata ƙofar gida. Ta farkon na goyi bayanta, har na zane babban ɗana, abin da na daɗe ban yi ba. Ta biyun ce ta tsaya mini a rai. Mu Musulmi ne, su Sista Kirista ne, shekara goma sha muna katanga ɗaya, ranar Sallah tuwonmu na shiga gidansu, ranar Kirsimeti shinkafarsu na shigowa namu. Duk wanda ya san Kafanchan, ya san abin da garin ya gani a 1987 da 1999 da 2011, ya san cewa a nan idan aka ce yaron wannan gida ya daina shiga wancan gida, mutanen waje ba za su tsaya tambayar dalili ba, su za su ƙirƙiro masa nasu dalilin. Na faɗa mata haka, ta ce, "Ni ba ruwana da addinin kowa, ɗana aka karya." Na ga ranta a ɓace yake, na ja bakina.

Mako uku gida ya yi tsit, na ɗauka magana ta mutu. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wata rana da la'asar na biyo ta wajen layin dogo zan je karɓar kaya, sai na jiyo ihun yara daga wani kango da aka yi wa dakin aka bari. Na leƙa. Yara sun kai goma sha biyar, har da babban ɗana da ɗan Sista. Wannan karon ko katifar ma babu, kwalaye suka shimfiɗa a ƙasa, ga rodi tsirara ta ko'ina, ga fasassun bulo, kuma daga kan tagar kangon suke dirowa. Na tsaya jikina ya yi sanyi. Dukan da na yi da dokar da muka kafa ba su raba yaron da wasan ba, sun dai kore shi daga inda muke ganinsa zuwa inda ko ya faɗi ya suma ba mai sanar da mu.

Ban yi masa magana a wurin ba. Da dare na zauna ina tunani, sai na tuna ni ma fa haka na taso. Muna yara mukan cika ɗakin mai talabijin ɗaya tilo a layinmu mu kalli Mighty Igor da Hulk Hogan, muna jin labarin Power Mike namu na Najeriya, gari na wayewa mu je mu gwada a kan juna. Bambancin kawai shi ne mu sau ɗaya a mako muke gani, yaran yanzu kuwa abin yana cikin waya dare da rana. Sannan ƙarfin da ke jikin yaro ɗan shekara 12 dole ya nemi mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi yara daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana. A nan na yanke shawarar in gina musu wurin da kaina, a gabana, da dokokina.

Da farko irin na talabijin na so yi. Na nemi bayanin yadda ake haɗa shi: faɗinsa ƙafa 20 ta kowane ɓangare, ƙarfe ne a ƙasa, a jera katako a kai, a shimfiɗa soso marar kauri sosai, a rufe da tamfol, sannan ga turaku huɗu da igiyoyi uku. Na je wurin mai walda da kafinta suka yi mini lissafin ƙarami, kuɗin ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Ina cikin wannan jimami na ba wani dattijon unguwarmu labari. Bagobiri ne daga wajen Sabon Birni, aikin reluwe ya kawo shi Kafanchan tun yana saurayi, a nan ya yi ritaya ya zauna. Kowa Baba yake ce masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, gara da kuɗin bai isa ba. Turken nan da igiyar nan su ne masifar. Yaro in ya ga abin hawa sai ya hau, in ya hau sai ya diro. Mu da muka yi kokawa da kaka bayan an cire amfanin gona, wa ya kafa mana turke? Ƙasa mai laushi ce da da'ira, sai babba guda da ke tsaye yana kallo."

Maganar Baba ta zauna mini, musamman da na ci karo da wani bayani na hukumar da ke kula da ingancin kayayyaki a Amurka game da filayen wasan yara. Sun nuna cewa yashi mai zurfin inci 9 yana rage haɗarin mummunan rauni a kai ne kawai idan faɗuwar ba ta wuce tsayin ƙafa 4 ba. Wato ko yashi ka zuba, wanda ya diro daga katanga ko taga bai tsira ba, balle katifar da ta mutu a kan siminti. Sai na ajiye batun katako da igiya, muka koma ga fagen kokawar gargajiya irin wanda ake yi a Nijar: yashi a tsakiya, buhunan yashi a kewaye.

Ga yadda muka yi, ko wani zai amfana. Mun zaɓi wuri a bayan gida nesa da rijiya da katanga da ramin salga, inda babu kututture ko dutse. Muka kafa fegi a tsakiya, muka ɗaura igiya mai tsawon ƙafa 8 muka zagaya da ita, ta ba mu da'ira mai faɗin ƙafa 16. Muka haƙe cikin da'irar zurfin ƙafa guda. Yaran da kansu suka yi haƙan, har da waɗanda na gani a kango, domin na ce duk wanda bai riƙe shebur ba ba zai shiga ba. Da yake ruwan sama a kudancin Kaduna ba wasa ba ne, daga Afrilu har Oktoba ana tafka shi, mun ɗan karkatar da ƙasan ramin zuwa gefe guda muka fitar da 'yar kwata, don kada fagen ya koma tafki.

Na sayi tifa guda ta yashin rafi mai laushi, irin wanda magina ke yin filasta da shi, ba mai tsakuwa da ake buga bulo ba, domin wannan yana goge fata kamar sanfefa. Duk da haka sai da muka tankaɗe shi kaf da ragar magina. Kwana biyu muka yi a kan wannan aiki, kuma abin da ya fito ya isa wa'azi: fasassun kwalabe, ƙusa biyu masu tsatsa, guntun reza, da marafan lemo. Sista ta ga tarin ta tambayi iyaye ko allurar rigakafin yaransu ta cika, domin cutar sarƙewar haƙora ta irin wannan rauni mai datti take shiga.

A wurin kewaye na yi kuskuren da nake so mai karatu ya guje wa. Don neman sauƙi na karɓo tsofaffin tayoyi a wurin mai faci na jera. Mako guda da yin ruwa na leƙa cikinsu na tarar da 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil, wato na gina wa zazzaɓin cizon sauro gida a bayan ɗakin kwanana. Wasu tayoyin kuma wayar cikinsu ta fito tana yankan ƙafa. Muka kwashe su, muka nemo buhunan masara da na shinkafa guda 28, muka guji na taki da duk wanda ya taɓa maganin feshi. Kowane buhu kashi biyu cikin uku muka cika da yashi muka ɗinke bakinsa, saboda in ya cika tam yakan yi tauri kamar dutse. Rana tana cin irin wannan buhu, bayan 'yan watanni sai an sauya waɗanda suka fara yagewa. Daga ƙarshe na sayi tamfol na rufewa, domin kyanwa da kaji ba su da wurin ba-haya da ya fi musu yashi, kuma ta kashin kyanwa da kare yara kan ɗauki tsutsar da ke shiga ƙarƙashin fata. Kafin kowane wasa sai an yaye tamfol, an bi yashin da manjagara ya yi laushi, an ɗaga buhunan an duba kunama.

Kafin a buɗe fagen na tara yaran na zauna da su muka kalli resilin ɗin tare a wayata, abin da ban taɓa yi ba. Ina tsayar da hoton ina mayar da shi baya, ina nuna musu yadda wanda ake ɗagawa yake taimakawa da tsalle, yadda mai duka yake buga ƙafa a ƙasa don a ji ƙara, yadda wanda zai faɗi yake baza hannuwa ya manne haɓa a ƙirji. Na gaya musu an riga an tsara wanda zai yi nasara, kuma mutanen nan sun shafe shekaru suna koyon faɗuwa kawai. Duk da haka a watan Oktoban 1999 wani ɗan wasan kamfanin da yanzu ake kira WWE, mai suna Darren Drozdov, ya faɗi a kan wuyansa a irin ɗagawar nan da suke kwaikwayo, jikinsa ya shanye, a keken guragu ya ƙare rayuwarsa. Kamfanin da kansa yana sa gargaɗin kada a gwada a gida. Ɗan Sista, wanda ke raɓe a bakin ƙofa don dokar ba ta tashi ba, ya sunkuyar da kai.

Sai kuma na nuna musu kokawar Takobin Ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin, a zamanin nan kuma Issaka Issaka na Dosso ya ɗauke shi sau da dama. Suka ga filin ya cika maƙil, ga makaɗa, ga kirari, kuma babu wanda ya san mai nasara sai an yi kaye. Baba ya karɓi aikin koyarwa ba tare da an roƙe shi ba. Mako biyun farko bai bar kowa ya kama kowa ba, tsayuwa da faɗuwa kawai yake koya musu: a durƙusar da gwiwa, a faɗi ta gefe, kada a tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, wanda shi ne ainihin abin da ke karya tsintsiyar hannun yara.

Dokokin fagen mun rubuta su da gawayi a jikin katanga. Ba a shiga sai da babba a wurin. Ana haɗa yara ne bisa girman jiki, ba shekaru ko abota ba. Babu shaƙe wuya, babu murɗe gaɓa, babu naushi, babu ɗaga mutum a juya kansa ƙasa, babu dirowa daga kan komai. A yanke farce, a cire zobe da sarƙa da bel. Ba a kokawa da cikakken ciki ko da zazzaɓi. Wanda ya yi kaye shi zai miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar. Ana kiran Magariba an tashi. Sista ta ƙara guda wadda ta ce ta fi duka: duk wanda kansa ya bugu ya gama wasa a ranar, ko ya rantse lafiyarsa ƙalau. In aka ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko yawan barci da rikicewar magana, ko jijjiga, ko ruwa ko jini na fita ta hanci ko kunne, asibiti za a nufa a lokacin, ba sai gobe ba. Wanda kuma ya faɗi ya ce wuyansa, ko ya ce ba ya jin hannu ko ƙafa, kada a ɗaga shi a ruƙunƙume, a bar shi yadda yake a riƙe kansa kada ya motsa har a samu masu taimako.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Wata biyu da farawa makero ya ɓulla a jikin yara uku, domin cuta ce da ke bin haɗuwar fata da fata. Muka rufe fage na ɗan lokaci, aka kai su asibiti, kuma a nan na san cewa makeron da ya kama fatar kai man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da na sha. Tun daga nan ana duba jiki kafin a shiga, ana wanka da sabulu bayan an fito, kowa da sosonsa da tawul ɗinsa. An kuma yi targaɗe sau biyu, an fasa leɓe sau ɗaya. Yashi yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi, kuma duk uban da zai yi irin wannan ya san da haka tun farko. In ba za ka samu lokacin tsayawa a kansu ba, ko wani babba da ka yarda da shi, kada ma ka fara haƙan.

'Yata mai shekara 10 ta zo ta ce su fa? Na yi shiru, domin ban shirya wa tambayar ba. Yayanta ne ya ce ai lambar azurfa da Najeriya ta samu a kokawa a gasar Olamfik ta Tokyo mace ce ta ciyo ta, Blessing Oborududu. Uwarsu ta ce ba ta hana ba, amma su kaɗai, da safiyar Asabar, da dogon wando, kuma ita za ta tsaya a kansu. Wannan ne karon farko da ta taka bakin fagen.

Dokar hana ɗan Sista shiga gida kuwa babu ranar da aka ce an janye ta. Yaron ne ya ɗauki aikin manjagara ya mayar nasa, kullum shi ke fara zuwa ya yaye tamfol ya bi yashin, ya gama ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ranar da likita ya ba Auta izinin komawa wasa, bayan an cire simintin da wasu makonni, na ga yaron ya durƙusa yana bin yashin da tafin hannu, wai ko manjagara ta tsallake wani abu. Maiɗakina na kallonsa ta taga. Can sai ga ta da kofin kunun zaƙi, ta miƙa masa ta ce, "Kai kuma sai yaushe za ka shiga, ko shara aka ɗauke ka?" Da yamma Sista ta shigo suka zauna a tabarma ɗaya suna tsince shinkafa, babu wadda ta ɗago maganar.

Har yanzu babban ɗana yana kallon resilin, ban kuma hana shi ba, sai dai yanzu shi ke nuna wa ƙannensa inda aka yi dabara. Har yanzu in Auta ya shiga fage uwarsa takan tashi ta shige kicin sai an gama. Kangon nan na wajen layin dogo kuwa na sake bi ta wurin sau da yawa, ban ƙara jin ihun yaran layinmu a ciki ba.

Shawarata ga iyaye, musamman da hutu ke ƙaratowa: ku zagaya bayan gida, ku leƙa sito, ku tambayi ina tsohuwar katifa ta shiga. In yaro ya dawo yana ɗingishi ya ce faɗuwa ya yi, a tambaye shi a ina kuma daga kan me, cikin lalama, domin tsoron duka ne ke sa su ɓoye ciwo har ya yi muni. Wanda ba shi da fili, ana iya haɗa kai da maƙwabta ko a nemi gefen filin makaranta, tifar yashi guda ta ishi yaran layi. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare su daga abin da muke gani da wanda ba ma gani, Ya zaunar da garinmu lafiya.